Takardu da sa hannun da Medicare ke nema kafin ta biya kuɗin jinya a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Bronx a birnin Niyok. Mahaifiyata mai shekara 76 tana da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka don tsofaffi. Ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki, aka sallamo ta. Kamfanin jinya a gida ya fara turo nas da mai gashin ƙashi, sai ga shi sun kira ni wai takardu ba su cika ba. Likita ya sa hannu bai rubuta kwanan wata ba, kuma bayanin da ofishinsa ya aika musu bai ambaci karayar ba. Sun ce in ba a gyara ba za su daina zuwa. Waɗanne takardu ake nema, wa ya kamata ya sa hannu, kuma mu za a ce mu biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi.

Matsala biyu kika kawo, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta kwanan wata ƙarama ce, ana iya gyara ta a yini guda. Ta bayanin likita ita ce babba, ita ce kuma wadda ke da wa'adi a kanta, don haka ita za ki fara bi tun yau. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan ofisoshin likitoci, suna ɗauka cewa da zarar likita ya sa hannu a fom ɗin shaidar cancantar jinya a gida magana ta ƙare. A wurin Medicare fom ɗin iƙirari ne kawai. Hujjar da ke tsayar da iƙirarin tana cikin fayil ɗin likitan kansa, ko na asibitin da majiyyaci ya kwanta. Fom mai sa hannu da babu bayanin likita a bayansa kamar takardar cinikin fili ce da mai unguwa ya buga wa hatimi amma ba a rubuta inda filin ya fara da inda ya tsaya ba.

Dokar da ke kan wannan ita ce sashe na 424.22 na kundi na 42 na dokokin tarayyar Amurka, sai ƙarin bayani a babi na 7 na littafin ƙa'idojin Medicare da hukumar CMS mai kula da Medicare ke fitarwa. Mai sa hannu yana shaida abu biyar ne a lokaci guda: cewa ciwo ya tsare majiyyaci a gida, cewa yana buƙatar aikin ƙwararre lokaci-lokaci, na nas ko mai gashin ƙashi ko mai gyaran magana da haɗiya, cewa an tsara masa tsarin jinya wanda likita zai riƙa dubawa, cewa yana ƙarƙashin kulawar likita a duk tsawon jinyar, da cewa an yi ganawa ido da ido da shi cikin wa'adi, a kan ainihin ciwon da ya sa ake neman jinyar. Dole kuma a rubuta ranar da aka yi wannan ganawar a cikin shaidar. Ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi.

Ganawar ido da ido ta shigo ne da dokar lafiya ta 2010, aka fara tilasta ta a 2011. Wa'adinta shi ne cikin kwana 90 kafin ranar fara jinya, ko cikin kwana 30 bayanta. Ranar fara jinya ita ce ranar ziyarar farko da ake iya neman kuɗinta, ba ranar sallama daga asibiti ba, kuma ki tambayi kamfanin su faɗa miki ita daidai. A ce sun fara ranar 12 ga Maris, 2025. Ganawar da za ta ƙirgu sai ta faɗo tsakanin 12 ga Disamba, 2024 da 11 ga Afrilu, 2025. Kwana ɗaya a waje da wannan, ba a karɓa, kuma babu wani ma'aikaci da ke da ikon ɗaga ƙafa.

Amma faɗowa cikin wa'adi bai wadatar ba, kuma nan ne takardun Hajiya suka tuntuɓe. Ofishin likitanta, bisa ga abin da kika faɗa, ya ɗauko bayanin wata tsohuwar ziyara ya aika, ƙila ta duba hawan jini ko sabunta magani kafin faɗuwar. Irin wannan bayanin yakan ce ta zo da ƙafarta, awon jini kaza, a ci gaba da magani, a dawo bayan wata uku. Ko da an yi ziyarar cikin kwana 90, ba ta da alaƙa da karaya, ballantana ta nuna mace da ba ta iya fita. Mai tantance takardun neman biya na Medicare zai karanta ya ga ana neman kuɗin gashin ƙugu, takardar likita kuma tana maganar hawan jini, sai ya ƙi biya gaba ɗaya.

Mafita biyu ce a gabanki. Ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce takardun asibiti. Likitan da ya duba Hajiya a asibitin da ta kwanta, ko a cibiyar farfaɗowa idan ta biya ta can kafin ta dawo gida, ganinsa yana ƙirguwa a matsayin ganawar. Bayanin da ya rubuta a ranar da ya duba ta, ko takardar sallama idan ta ƙunshi ainihin binciken da ya yi mata kuma tana da sa hannunsa da kwanan wata, sun isa su tsaya. Ki je sashen ajiye bayanan marasa lafiya na asibitin, ko ki shiga shafinsu na intanet na majiyyata idan Hajiya tana da shi, ki nemi takardar sallama, bayanin aikin tiyata, bayanan likita na kwanakin ƙarshe, da rahoton masu gashin ƙashi na asibitin. Ki kai kwafi ɗaya ga kamfanin, ɗaya ga likitan da zai sa hannu, domin shi ne zai rubuta ranar wannan ganawar a shaidarsa. Takardar umarnin sallama da ake miƙa wa iyali a bakin ƙofa, mai jerin magunguna da lambobin waya, ba ita ake nufi ba. Ita nas ce kan buga ta, kuma ba ta nuna binciken likita.

Ta biyu, idan takardun asibiti ba su gamsar ba, a kai Hajiya wurin likitanta kafin kwana 30 su cika. Da kika kira neman lokaci, ki gaya wa mai karɓar waya cewa ganawar shaidar jinya a gida ce kuma wa'adinta zai ƙare ranar kaza, don kada su ba ki wata mai zuwa. Ana iya yin ta ta bidiyo a inda ƙa'idar duba majiyyaci daga nesa ta yarda. Sassaucin yin haka daga cikin gida ya fara ne a 2020 lokacin korona, majalisar dokoki kuma takan tsawaita shi ne wa'adi bayan wa'adi, saboda haka ki sa kamfanin su tabbatar miki yana aiki a ranar da za a yi. Kiran waya na murya kaɗai ba ya ƙirguwa. Idan kwana 30 suka wuce babu ganawa mai inganci, sai kamfanin ya sake buɗe fayil da sabuwar ranar farawa, ziyarorin da suka faɗo wajen wa'adi kuma asararsa ce. Dalilin da kika ji muryarsu ta canja ke nan.

Yanzu abin da ya kamata bayanin likitan ya ƙunsa, don a nan ne aikin yake. Tsarewa a gida tana da mataki biyu a doka. Na farko, saboda ciwo ko rauni majiyyaci ba ya iya fita sai da sanda, ko abin dogarawa mai ƙafa huɗu, ko keken marasa lafiya, ko mota ta musamman, ko taimakon wani mutum; ko kuma yana da ciwon da fita za ta cutar da shi a likitance. Na biyu, wanda dole ya haɗu da na farko, shi ne a al'ada ba ya iya fita, kuma in zai fita sai da wahala mai yawa da galabaita. Likitoci da yawa sukan kwafi waɗannan kalmomi su manna, su rubuta "tana tsare a gida, fita na galabaitar da ita", shi ke nan. CMS ta faɗa ƙarara cewa maimaita kalmomin doka kaɗai ba hujja ba ne. Abin da ake so a gani shi ne majiyyacin kansa: mene ne ciwon, tun yaushe, yana ƙaruwa ko yana raguwa, me yake iya yi, me ya gagare shi, me aka gwada aka ga sakamako.

Ga yadda bayani mai tsayuwa yake kasancewa. An yi mata aikin ƙugun dama ranar kaza. Tana tafiya da abin dogarawa, ba ta wuce daga gado zuwa ƙofar ɗaki sai ta tsaya ta huta, zafi bakwai cikin goma idan ta taka. Gidansu hawa na uku ne babu lifta, mutum biyu ne suka sauko da ita yau. Ba ta iya tashi daga kujera sai an ɗago ta. Wurin ɗinki yana fitar da ruwa kaɗan a ƙasansa, yana buƙatar nas ta wanke ta duba alamun ruɓewa. Tana buƙatar mai gashin ƙashi don koyon taku, hawa matakala da kauce wa sake faɗuwa. Layi shida ko bakwai ne, amma duk wanda ya karanta ya ga Hajiya a gabansa, ya ga dalilin da ba za a ce ta riƙa zuwa asibiti gashi sau uku a mako ba.

Akwai wani abu da ya shafi iyayenmu musamman. Dattijuwar Bahaushiya in likita ya tambaye ta jiki, "da sauƙi, alhamdulillahi" za ta ce, ko da daren jiya ba ta runtsa ba. Kunya da dauriya ba za su bar ta ta gaya wa namiji baƙo cewa sai an kai ta banɗaki ba. Likita kuma abin da ya ji shi zai rubuta, sai fayil ya nuna majiyyaciya na samun sauƙi, ba ta da ƙorafi. Ki shiga ɗakin tare da ita. Ki faɗi abin da kike gani a gida dalla-dalla: a zaune take sallah, ba ta iya tsugunno, alwala sai an kawo mata ruwa bakin gado, yau sai da aka yi minti ashirin kafin a sauko da ita matakala. Kada a ƙara gishiri, kada kuma a rage. Tana da haƙƙin a samo mata tafinta kyauta a asibiti da ofishin likitan da ke karɓar kuɗin tarayya, ku nemi na Hausa ko ta waya ne, musamman idan akwai abin da ba za ta iya faɗa ta bakin 'yarta ba.

Kada kuma tsoro ya sa ku kulle ta. Dokar ba ta ce majiyyaci ya zama ɗan kurkuku ba. Fita don magani, kamar ganin likita, wankin ƙoda ko maganin daji, ba ta ɓata sharaɗin. Halartar wurin ibada ma doka ta ambace ta da suna, don haka in an kai Hajiya masallaci ranar Juma'a ko sallar idi a keke, babu abin da ya taɓa cancantarta. Haka jana'iza, taron dangi, bikin kammala karatun jika, ko zuwa gyaran gashi jefi-jefi. Abin da ke ɓata shi shi ne fita a kai a kai, mai tsawo, ba tare da wahala ba, kamar a ce kullum tana shiga jirgin ƙasa ita kaɗai zuwa kasuwa.

Sharaɗin buƙatar ƙwararre shi ma yana da iyaka da lissafi. Aikin nas da ake biya shi ne na ƙasa da kwana 7 a mako, ko kuma kullum amma ƙasa da awa 8 a yini na tsawon kwana 21 ko ƙasa da haka, sai dai in likita ya rubuta ƙarin lokaci mai sanannen ƙarshe. Nas da mai taimakon wanka idan an haɗa, ba sa wuce awa 28 a mako, wani lokaci a kai 35. Ɗibar jini kaɗai ba ta sa mutum ya cancanta. Wanka, girki da share ɗaki, idan su kaɗai ake buƙata, Medicare ba ta biya. Mai koya wa majiyyaci ayyukan yau da kullum kamar sa tufafi da shiga banɗaki ba ya buɗe fayil shi kaɗai, amma yana iya ci gaba da riƙe shi bayan nas ko mai gashin ƙashi sun gama nasu. Kuma tun sulhun da aka yi a 2013 a wata ƙara kan ƙa'idojin Medicare da ake kira shari'ar Jimmo, ba sharaɗi ba ne sai majiyyaci yana samun ci gaba. Idan ana buƙatar ƙwararre don hana jiki lalacewa, ya cancanta, muddin an rubuta dalilin da ya sa sai ƙwararre.

Sai wanda ke da ikon sa hannu. Da can likita ne kaɗai. Daga Maris 2020, dokar CARES ta ƙara da manyan nas masu lasisin duba majiyyaci da rubuta magani, waɗanda ake kira NP da CNS, da mataimakan likita da ake kira PA, gwargwadon yadda dokar jiha ta ba su dama. Wannan zai iya sauƙaƙa miki, domin a asibitocin unguwa sau da yawa NP ce ke ganin majiyyaci kuma ta fi likita samuwa. Ko wane ne, dole ya kasance yana da lambar shaidar ma'aikacin lafiya da ake kira NPI kuma sunansa na cikin rajistar Medicare da ake kira PECOS, in ba haka ba kwamfuta ce za ta dawo da takardar neman biya kafin ma mutum ya karanta ta. Bai halatta kuma ya zama yana da hulɗar kuɗi da kamfanin jinyar ba, sai irin wadda doka ta keɓe. Idan likitan asibiti ne ya sa hannu a shaidar amma ba shi zai ci gaba da kula da Hajiya ba, dole ya rubuta sunan likitan da zai karɓe ta a waje. Wannan layi ɗaya ana yawan mantawa da shi, kuma yana sa a ƙi biya.

Sa hannu kansa iri biyu ake karɓa: na alƙalami, ko na kwamfuta wanda ke nuna suna, muƙami da ranar da aka sa shi. Kwafin faks ya wadatar, ba sai an kai ainihin takardar ba. Hatimin roba mai siffar sa hannu ba a karɓarsa, sai ga likitan da naƙasa ta hana shi rubutu kuma ya kawo shaidar haka. Sakatariya ba ta sa hannu a madadin likita. Kwanan wata kuwa shi mai sa hannun ne zai rubuta da kansa, kusa da sa hannunsa. Kamfanin ba shi da ikon cike masa, kuma tambarin ranar da takarda ta iso ofishinsu ba ya maye gurbinsa. Saboda haka gyaran matsalarki ta farko shi ne a mayar masa da takardar, ya sake sa hannu ya rubuta ranar da yake sa hannun, ta yau ɗin, ba ta makon da ya wuce ba. Duk wanda ya ce a rubuta tsohuwar rana don ta yi daidai, kada a saurare shi. Mayar da kwanan wata baya a takardar neman kuɗin tarayya zamba ce a doka, kuma ba a ma buƙatarta, tunda abin da ake nema shi ne a sa hannu kafin kamfanin ya tura takardar neman biya ta ƙarshe.

Jerin ranakun shi ne abin da mai tantancewa ke fara dubawa. Ganawa ta rigayi sa hannu, sa hannu ya rigayi neman biya. Idan likita ya sa hannu ranar 14 ga Maris alhali bai ga Hajiya ba sai 20 ga Maris, ya shaida abin da bai faru ba tukuna, sai ya ƙara wata takarda mai ɗauke da ranar ganawar, ya sa hannu da sabon kwanan wata. Idan za ku je ganawar nan gaba, ku tafi da fom ɗin a hannu ya sa hannu bayan ya gama duba ta, ku jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Idan sa hannun ba ya karantuwa, ana warware shi da takardar samfurin sa hannu mai ɗauke da cikakken suna da muƙami a buge, ko da takardar da likitan zai rubuta yana tabbatar da cewa shi ya yi wannan bayani a ranar kaza. Idan mai tantancewa ya nemi ɗaya daga cikinsu, kwana 20 ake bayarwa. Sai dai wannan takardar tabbatarwa tana da iyaka. Tana ceto bayanin ziyara da aka manta ba a sa wa hannu ba, amma ba ta ceto umarnin likita da babu sa hannu, shi ana ɗaukarsa kamar ba a taɓa bayar da shi ba. Gyara a cikin fayil kuma yana da ladabinsa: a ja layi ɗaya a kan kuskure yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai, a sa hannu da ranar gyaran. Ba a gogewa, ba a shafa farin fenti. Likita yana iya ƙara bayani a kan ziyarar da ya riga ya yi idan ya nuna ƙari ne da ranarsa, amma ba ya iya mayar da ziyarar hawan jini ta zama ta karayar da ba ta faru ba a lokacin.

Kamfanin ma yana da hanyar taimakawa. Nas ko mai gashin ƙashi suna yin cikakken bincike a gida, wanda ake cike shi a fom ɗin bincike na Medicare mai suna OASIS cikin kwana 5 da farawa. Suna iya aika wa likita taƙaitaccen wannan binciken, in ya karanta ya sa hannu da kwanan wata ya saka a fayil ɗinsa, sai ya zama cikin hujja. Sharaɗinsa shi ne ya dace da abin da likita ko asibiti suka rubuta da kansu. Yana cike giɓi, amma ba ya tsayawa a madadin bayanin ganawar, kuma idan ya saɓa wa na likita, ya ce ba ta iya taku biyar alhali likita ya rubuta tana tafiya lafiya lau, saɓanin kansa ya zama dalilin ƙin biya. Tun 1 ga Janairu, 2015 an daina tilasta wa likita rubuta dogon jawabi na musamman a kan fom, nauyin ya koma kan fayil ɗinsa. Wuri ɗaya ne jawabin ya rage: idan aikin nas ɗin shi ne sa ido da tsara jinya mai sarƙaƙiya, to sai likita ya rubuta gajeren dalili, kuma ya zo daf da sa hannunsa.

Tsarin jinya shi ne takardar da kowa ke kira 485, daga lambar tsohon fom ɗin CMS. Ba dole ba ne a yi amfani da wannan fom ɗin, amma abin da ke ciki dole ne: dukkan cututtuka, dukkan magunguna da yawansu, kayan aiki, abincin da ya dace, abin da aka yarda majiyyaci ya yi, matakan kariya, burin da ake son cimma a yadda za a iya aunawa, da wane ma'aikaci zai zo sau nawa na tsawon mako nawa. Misali nas sau biyu a mako na mako uku, mai gashin ƙashi sau uku a mako na mako huɗu. Umarnin "a zo in buƙata ta taso" ba ya tsayawa sai an faɗi alamar da za ta sa a zo da iyakar adadin zuwan. Umarnin da likita ya bayar ta waya, nas ko mai gashin da ya karɓa zai rubuta shi nan take da rana da lokaci ya sa hannu, likita kuma ya sa nasa kafin a nemi biya. Ki nemi kwafin wannan tsari, haƙƙinku ne, ki gwada jerin magungunan da kwalaben da ke gida. Idan Hajiya tana shan wani jiƙo ko maganin gargajiya da aka aiko daga gida, ki faɗa a rubuta, musamman da yake bayan aikin ƙugu akan ba da maganin tsinka jini.

Shaida ɗaya tana ɗaukar kwana 60. A misalin da na bayar, daga 12 ga Maris zuwa 10 ga Mayu. Idan har yanzu akwai buƙata, kamfanin zai sake bincike a kwana biyar na ƙarshe, wato 6 zuwa 10 ga Mayu, likita ya sa hannu a sabuntawa. Sabuntawa ba ta buƙatar sabuwar ganawa, amma idan aka rufe fayil aka sake buɗewa, komai ya dawo sabo. Biyan kuɗi kuwa tun 2020 kwana 30-30 ake yinsa, shi ya sa kamfani ba ya iya jiran likita har ƙarshen wata biyu. Kuskuren da ke cikin shaidar farko yana bin duk sabuntawar da ta biyo baya, domin dukansu a kanta suka dogara. Likitan ma yana da nasa a ciki: yana neman kuɗin sa hannun da na sabuntawa a wurin Medicare, kuma idan aka ƙi biyan kamfani saboda rashin hujja, nasa ma ba a biya. In ofishinsa na jan ƙafa, ki nemi manajan ofis ko nas ɗin likitan kai tsaye, ki ba su ranar da wa'adi zai cika a rubuce.

Batun biya: a Medicare ta asali, wadda gwamnati ke gudanarwa ba ta hannun kamfanin inshora ba, jinya a gida da ta cika sharuɗɗa ba ku biyan ko sisi, sai kashi 20 cikin 100 na kayan aiki irin su keke da abin dogarawa. Idan aka ƙi biyan kamfani saboda ganawar ido da ido ba ta cika ba, ba shi da ikon juyo da kuɗin kanku ta hanyar sa ku sa hannu a takardar ABN, wadda ake ba majiyyaci idan ana ganin Medicare ba za ta biya wani aiki ba. Kada ki sa hannu a wata takardar ɗaukar nauyin kuɗi sai kin karanta ta a tsanake. Abin da kamfanin ke da ikon yi shi ne ya dakatar da zuwa, bayan ya sanar da ku a rubuce. Idan kuwa cewa suka yi Hajiya ta daina cancanta ne, dole su ba ku sanarwa aƙalla kwana 2 kafin a daina jinyar, kuma a jikin sanarwar akwai lambar wayar hukumar da za ki kira don ɗaukaka ƙara cikin gaggawa.

Ki duba katin da Hajiya ke miƙawa a asibiti. Idan na Medicare Advantage ne, wato wani kamfanin inshora ne ke riƙe da Medicare ɗinta, sharuɗɗan cancanta suna nan, amma ana iya ƙara neman izini kafin a fara da kuma tilasta amfani da kamfanin jinya da ke cikin jerinsu, sai ki kira lambar da ke bayan katin ki ji ko an ba da izinin da adadin ziyarar da aka amince. Idan kuma tana da Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, tare da Medicare, ta nan ne ake neman mai zama da ita na awanni don wanka, girki da kai ta banɗaki. Wannan nema ne daban da takardunsa daban, ba ya buƙatar ta zama a tsare a gida, kuma yana ɗaukar makonni, don haka ki sa ma'aikacin jin daɗin jama'a na kamfanin jinyar ya fara miki shi tun yanzu, kafin kwana 60 ɗin su ƙare.